Jarkar Ruwa a Gefen Keken Ɗinki

A shekararmu ta ƙarshe a sashen koyon aikin jarida, malaminmu ya ba mu aiki: kowa ya nemi mutum ɗaya, ya ba da labarinsa da hotuna 12, ba rubutu sai layi guda a ƙasan kowane hoto. Ni ban je da nisa ba. A layinmu akwai wata tela mai sikila, wato amosanin jini, ƙawar yayata, wadda tun ina yaro nake jin ana cewa ciwonta ya tashi. Na nemi izininta da na mahaifiyarta, suka amince.

Gaskiya da biyu na zaɓe ta. Na san Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu amosanin jini, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da shi duk shekara. A raina labari ya riga ya haɗu, ranar da za ta kwanta kawai nake jira. Yanzu ina jin kunyar faɗin haka.

Sati uku ina zarya, shiru. Tana ɗinki, tana sauraren rediyo, tana mita da masu kawo ankon biki a ƙurarren lokaci. Na kai wa Malam tarin hotuna ina ƙorafin babu abin gani. Ya duba ya duba, sai ya tambaye ni dalilin da ya sa kusan kowane hoto akwai jarkar ruwa kusa da ita. Ni da na ɗauka ban ma lura ba.

Da na koma na tambaya, dariya ta yi mini. Ashe in ruwa ya yi ƙaranci a jikinta, ƙwayoyin jininta kan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi, daga nan sai ciwon ƙashi. Ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120, tata kuwa 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa idonta ya yi ɗorawa-ɗorawa, shi ya sa take saurin gajiya. Daga ranar na daina kallon fuskarta kaɗai. Na fara ganin safa biyu a ƙafarta da sanyin safiya, da tukunyar ruwan wanka da Inna ke ɗora mata tun asuba, da gidan sauron da ba a naɗe shi ko da rani, da ledar magani a cikin gwangwanin maɓallai. Ciwon yana ɗakin tun ranar farko, ni ne nake nemansa a gadon asibiti. Na kuma koyi zama har a manta da ni, da jiran hantsi ya shigo ta taga maimakon kunna fitilar kyamara a fuskar mutum.

Cikin hunturun Disamba abin da na yi ta jira ya zo. Aka kai ta asibiti da dare, aka ɗaura mata ƙarin ruwa. Ina tsaye a bakin gado, ta cije zani saboda azaba, na ɗaga kyamara na danna. A duk abin da na taɓa ɗauka, babu hoton da ya kai shi ƙarfi.

Bayan an sallame ta na nuna mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni ko wadda ta ga wannan za ta ƙara kawo mata ɗinkin sallah. Wannan ne bai taɓa zuwa kaina ba. Izinin da ta ba ni tana zaune a kan kekenta ta bayar, ba tana murƙususu ba. Na ce mata, "Yaya, ki yafe mini," na goge shi a gabanta.

A gurbinsa na sa hoton da na ɗauka washegarin kwanciyarta: keken a rufe da zani, atamfar da ta yanka rabi da zanen alli a jiki, jarkar a cike ba wanda ya taɓa. Malam ya daɗe a kansa fiye da sauran sha ɗayan. Ita kuwa wani daban ta ce in wanko mata, wanda take dariya da tef a wuya, ta manna shi a bangon shagon kusa da kalanda.