Ruwan da ke kayar da gida da damina, shi ake saye da rani

A watan Satumban 2024 ruwan sama ya rusa tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19. A garin nan dai, da bazara ta kama, mai kurar ruwa ne sarki. Damagaram bisa dutse take zaune, ruwa ba ya nutsewa sai gudu, shi ya sa ake janyo na famfo daga nesa, irin su Gogo-Macaya da Ganaram. Ga canjin yanayi ya sa ruwan da yake sauka a hankali a da, yanzu yakan juye cikin 'yan sa'o'i.

Aikin tara ruwan sama da kare gida daga rufin ɗaki yake farawa. Milimita 1 na ruwa a kan murabba'in mita 1, lita 1 ke nan. Rufin kwano mai murabba'in mita 50, a daminar milimita 400, zai tara lita 20,000. Cire kashi ɗaya cikin biyar na tsiyaya da fantsama, saura lita 16,000, wato tano 80 mai cin lita 200. Ba wanda ke da tano 80, gaskiya ne, amma ko uku aka jera ana cikawa ana amfani, an rage abin da ke kwarara titi. A zubar da bido biyu na farko, ƙura ce da kashin tsuntsaye. A rufe bakin tanon ruf saboda sauro. Na sha kuwa sai an tafasa.

Katangar ƙasa daga gindi take mutuwa. Indararo in ya yi gajere, ruwa yakan biyo bango ya kwanta a ƙasansa, ya jiƙa tubalin da ke ɗauke da nauyin ginin duka. A sa mai tsawon da zai jefa ruwa aƙalla rabin mita nesa da bango, a yi dakalin dutse kamar santimita 40, mai gangara zuwa waje.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne shafa wa bangon ƙasa siminti. Ba sa kama juna. Simintin ya tsage, ruwa ya shiga bayansa ya rasa mafita, bango na ruɓewa ciki, waje fes. Yaɓen ƙasa da makuba yana barin bango ya bushe, sai dai yana son a sabunta shi kafin hadarin farko na watan Yuni, lokacin da ya kamata 'yan unguwa su kwashe leda da yashi daga magudanan ruwa.