Daren da jirgin Inna ya ɓace a wayata

Duk wanda ya taɓa tarbo mai Umara daga ƙauye ya san wahalar. Ejan zai ce jirgi zai sauka da la'asar, ku yi shatar mota tun hantsi, ku ƙare da kwana a harabar filin jirgin Malam Aminu Kano, direba yana ƙara kuɗin jira. Shi ya sa da Inna za ta dawo daga Jidda na sauke Flightradar24, manhajar bin sawun jirage, a waya, na ce babu mai motsawa daga ƙauyenmu na ƙasar Ringim sai na ga jirgin a sama da idona.

Na sa lambar tafiyar da ke jikin tikiti, ga ɗan jirgi ruwan ɗorawa ya baro Jidda, ga tsayin da yake, ga gudunsa. Muna zaune a tabarma a ƙofar gida bayan isha'i, Kawu ya karɓi wayar ya kusanto da ita fuskarsa, ya ce, “To ina kuma zai kai su? Ai wannan ba hanyar Kano ba ce.” Na ce masa tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023 jirage da yawa suke kewaye sararin ƙasar, shi ya sa tafiyar ta ƙara tsawo. Ya gyaɗa kai.

Can dare ya yi nisa, jirgin ya ɓace daga taswira. Na rufe manhajar na sake buɗewa, na fita bakin titi inda sabis ya fi ƙarfi, babu shi.

Kafin in dawo, wani yaro a gidan ya riga ya ɗauki hoton taswirar a tasa wayar, ya tura zauren WhatsApp na dangi da cewa jirgin Hajiya ya ɓata. Har yau idan na tuna raina ɓaci yake yi. Cikin gida aka kaure da salati, Goggo mai hawan jini sai da aka kwantar da ita ana yi mata fifita, Kawu kuwa ya tashi mai mota cikin dare a ninkin kuɗi suka kama hanyar Kano. Asarar da nake gudu tun farko ita ce ta same mu, har da ƙari. Jirgin kuma lafiyarsa ƙalau. Da ya kusanto Najeriya sai ga shi ya dawo kan taswira, yana rage tsayi.

Galibi manhajar ba ta hango jirgi daga sama kamar yadda mutanenmu suke zato. Jirgin ne yake watsa bayanin inda yake ta wata na'ura da ake kira ADS-B, wasu ƙananan na'urori da mutane suka kafa a kan rufin gidajensu suna kamawa suna turawa ta intanet. A Turai sun yi yawa, amma a hamada wa zai kafa? Idan jirgi ya shiga irin wannan wuri, wani lokaci manhajar takan yi kirdado ta ja layi mai ɗigo-ɗigo, wani lokaci ya ɓace gaba ɗaya. Don Allah ka yi wa mutanen gida wannan bayani tun jirgi bai tashi ba, musamman yaran da hannunsu ke ƙaiƙayin turawa. Bayan an fara kuka babu mai sauraronka.

Agogo ma abin lura ne: Saudiyya ta riga mu da awa 2, don haka ka duba ko lokacin can ne ko namu aka nuna maka. Kuma saukar jirgi ba fitowar mutum ba ce. Inna sai da gari ya waye ta fito, bayan duba fasfo da jiran kaya da ruwan zamzam.

Duk da haka ban goge manhajar ba. Lokacin hazo, da jirgi yakan kasa sauka Kano a juya shi Abuja, a nan za ka ga ya karkata tun kafin kowa ya kira ka. Su masu manhajar suna ba da na'urar kamawa kyauta ga mutanen wuraren da ba su da ita, amma sharaɗin shi ne wuta da intanet dare da rana. Ina jiran in haɗa sola in nema.