Gishirin ƙasashen ƙanƙara a ƙarƙashin motocin Kumasi

Wurin wankin mota nake da shi a Aboabo, nan Kumasi: injin feshi biyu, rijiyar burtsatse, yara masu taya ni aiki, sai rami da ake hawa da mota a shiga ƙarƙashinta. Ramin nan shi ne rabin sana'ar. Saman mota kowa ya iya wankewa, kowane yaro da bokiti da soso zai sa ta ƙyalli. Abin da mai mota bai sani ba game da motarsa, a ƙasa yake.

Yawancin motocin da ake kawo mana tsofaffi ne da aka sauke a tashar jirgin ruwa ta Tema, da yawansu an sayo su a gwanjo a Amurka ko Kanada. Idan na shiga rami na ɗaga kai, kafin in ga takarda nakan iya cewa wannan daga yankin sanyi ta fito. Tsatsarta daban take. Ƙarfe yana ɓarewa ɓawo-ɓawo, salansa ta huje, notuna sun ci sun zama ɗaya da mazauninsu, siririn bututun man birki ya yi ƙuraje. Motar da ta yi rayuwarta a wuri mai zafi da bushewa, ko ta girme ta, cikinta fes.

Gishiri ne. A Ontariyo ta Kanada, da Mishigan, da Ohayo, da Niyok na Amurka, hukuma tana watsa gishiri a kan titi lokacin dusar ƙanƙara, domin ruwan gishiri ba ya daskarewa a digiri 0 kamar ruwan banza, sai sanyi ya yi ƙasa da haka sosai. Taya tana watsa wannan jiƙaƙƙen gishiri cikin kowane lungu na ƙarƙashin mota, ya zauna yana cin ƙarfe. Maganinsa wanki, to amma a can wankin ma da nasa haɗarin.

Wani yarona da ya koyi aiki a hannuna yana Toronto yanzu, a irin wannan sana'a. Mukan yi waya. Ya ce min, "Maigida, a nan idan ka wanke mota a waje ranar da sanyi ya yi tsanani, kafin ka ɗauko tsumma ruwan ya zama gilashi a jikinta." Ruwan da ya shige robar ƙofa yana daskarewa, ƙofa ta manne, ka ja da ƙarfi roba ta yage, ko mariƙin ya zo maka a hannu. Ya shiga ramin makulli, makulli ba zai juya ba. Gilashin gefe ya ƙi sauka, ka yi ta danna maɓalli har injinsa ya wahala. Birkin hannu, idan aka ja shi da laima aka bar mota ta kwana, da safe sai ya ƙi saki. Kuma ruwa idan ya daskare kumbura yake yi, kusan kashi 9 cikin 100, shi ya sa ɗan tsagin da ke jikin gilashi ko fenti yake buɗewa, tankin ruwan waifa ma ya fashe idan ruwan famfo aka zuba masa. Mai gaggawa ya ɗauko ruwan zafi ya kwara wa gilashin gaba, nan take ya tsage. Ga ruwan da ya zuba ƙasa, ya zama santsi, mai wanki ya zame ya karye, ko maƙwabci.

Don haka masu hankali a can suna jiran ranar da sanyi ya ɗan sassauta, su kai mota wurin wanki na cikin gini mai ɗumi, a fesa ƙarƙashinta, a busar da bakin ƙofofi, a shafa wa roba man silikon. Marasa hali ko masu ƙiwa su bar ta haka nan har bazara. Motocin waɗannan na biyun ne suke ƙarewa a ramina, fenti lafiya lau, kujeru kamar ba a taɓa zama ba.

Kwanaki wani Alhaji ya kawo wata da ya saya, yana ta murna. Na ce, "Alhaji, don Allah sauko ka gani." Ya tattare babbar riga ya sauko. Na danna sukundireba a ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya, ta shige. Bai ce komai ba sai salati. Na tura shi Suwame Magazin, unguwar makanikai ta nan Kumasi, domin wannan ya wuce ruwa da sabulu, aikin makanike ne da mai walda. Ni dai ban ga dalilin da mutum zai biya dubban sidi bai biya kuɗin hawa rami ba kafin ciniki ya faɗa. Dillalin da ya hana ka duba ƙasa, ka san akwai magana.

Mu namu hunturun, daga Disamba zuwa Fabrairu, ba ya daskarar da ruwa, ƙura yake kawowa. Kasuwa takan buɗe, amma yara na shan wuya: hannu ya tsage saboda sabulu da iska, sai man kaɗe. Dokata a lokacin ɗaya ce, ba a goge ƙura da busasshen tsumma, domin yashi ne, zane yake bari a fenti. A jiƙa tukuna. Motar da ta taho daga Tamale ko Accra da zafinta kuma sai ta huce kafin ruwa ya taɓa birki ko inji, ko da direban yana ta duba agogo.

Sabuwar saukowa daga Tema kuwa, ramin take fara hawa. Mu fesa ƙasa sosai har ruwan ya daina fitowa ja, mu bar ta ta bushe a rana, sannan a shafa maganin tsatsa inda ƙarfe ke da sauran rai. Kuɗin wannan daban ne da na wankin sama, kuma nakan faɗa tun kafin a hau.