Gardama da safe, kiɗa da dare

Gaskiya ni ba don kiɗa na je ba, wata ƙawata ce da ke sashen kiɗa na jami'ar ta ja ni wai in zo in taya ta jera kujeru. Kwana uku aka yi ana bikin, da safe malamai su karanta maƙala a yi ta tambayoyi, da dare kuma a hau dandamali, kuma komai a kan Barok ne, wato kiɗan Turai na daga wajen 1600 zuwa 1750, shekarar da Bach, shahararren mai tsara kiɗan nan Bajamushe, ya rasu a garin Leipzig. Zamanin su Vivaldi da Handel kenan.

Abin da ya fara ƙular da ni shi ne saita kayan kiɗa. Kai! A yi kiɗa ɗaya a tsaya, kowa ya kama murɗa biyolin ɗinsa, wato gogen Turawa, a yi wani a sake tsayawa, har na raɗa wa ƙawata nace wai waɗannan ba su shirya ba ne? Ta ce tsirkiyar ta hanjin tunkiya ce irin ta da, ba ta ƙarfe ba, da ɗaki ya cika da mutane ya ɗau zafi da danshi sai ta saki. Kuma ma ba a daidai da na yanzu suke saitawa ba, a ma'aunin tsayin sauti makaɗan zamani 440 suke bi su kuma 415, sautin ya ɗan sauka ƙasa kenan. Toh na yi shiru.

A hutun rabin lokaci na leƙa takardar mai buga hafsikod, wannan abin mai kama da fiyano amma shi tsinkar waya yake ba duka ba, shi ya sa ko ka danna da ƙarfi ko a hankali kusan duk ɗaya ne. Na zaci zan ga shafi cike maƙil. Layi ɗaya ne tal na hannun hagu sai wasu lambobi a ƙasa, 6, 4, 3, 7, shikenan. Duk abin da na ji hannunsa na dama yana yi shi yake ƙirƙira a take, lambobin ne kawai suke nuna masa hanya. A nan na gane amfanin malaman da ke surutu da safe, don takardar ba ta faɗi komai da komai ba, dole sai wani ya tono tsofaffin littattafai da wasiƙu ya gano yadda mutanen wancan lokacin suke cike gurbin.

Rana ta biyu aka yi gardamar da ta fi min daɗi. Tun 1981 wani Ba'amurke Joshua Rifkin ya ce yawancin waƙoƙin cocin Bach mutum ɗaya ne ke rera kowace murya a cikin muryoyin da aka raba waƙar, daga ta sama zuwa ta ƙasa, ba taron mawaƙa ba kamar yadda aka saba, kuma wallahi har yau ba a gama ba. Malamai biyu suka tashi kowa riƙe da takarda iri ɗaya, wadda Bach ya rubuta wa majalisar garin Leipzig a 1730 yana kukan ƙarancin mawaƙa da makaɗa, wannan ya ce ga hujjata wancan ya ce a'a ai tawa ce, ɗayan har gilashinsa ya cire yana nuni da shi. Ni dai ban fahimci rabin abin da suke faɗa ba amma ban yi barci ba.

Da dare sai aka kawo mawaƙa huɗu kacal. Ina jin numfashin kowa, ina jin inda murya ta shiga da inda ta fita, kalmomin Jamusancin ma da ba na ji suna fita tas. Amma fa a wurin da kakaki ya shigo, irin dogon nan na da mara maɓalli, ya kusa haɗiye su, mai muryar sama sai da ta dage. Malamin da ke goyon bayan taron mawaƙa yana zaune a gabana, na ga ya juya ya kalli abokin gardamarsa ya ɗaga gira, shi kuma wancan ya yi kamar bai gani ba ya ci gaba da kaɗa kai.