Yau na wanke wa Wake-wake gindi

Talata, tsakiyar Agusta.

Ruwa ya kwana yana zuba, bai ɗauke ba sai wajen assalatu. Da na buɗe akurki kaji shida suka fito a guje, ta bakwai ta ƙi. Wake-wake ce, wadda ta fi kowace ƙwai a gidan nan. Tana rakuɓe a lungu, ta saki fukafukai, ido a lumshe. Ina ɗago ta wari ya bugi hancina. Gashin ƙarƙashin wutsiyarta duk ya cukurkuɗe da kashi, wani ya bushe kamar ƙanzo, wani fari-fari yana ɗiga, fatar wurin ta yi jawur.

Gabana ya faɗi, don na tuna hunturun da cutar Niyukasil ta share mana akurki cikin mako guda. Na duba: kashin ba kore ba ne, wuyanta bai murɗe ba, numfashinta lafiya lau. Kuma an ɗiga musu rigakafin nan na ido, irin wanda ake yi a cibiyar binciken dabbobi ta Vom. Sai na ɗan sami natsuwa.

Inna, uwar mijina, na zaune a tabarma tana jan carbi, ta ce, "Ke dai ki kira mijinki ya yanka ta tun da sauran numfashi, kada ta zama mushe. Sabo da kaza ba ya hana yanka." Na ce, "Inna, a yi mini haƙuri zuwa gobe."

Na haɗa ruwan ɗumi a baho da ɗan gishiri, 'yar autata ta riƙe fukafukan, na tsoma bayan kazar kamar minti goma. Busasshen kashi ba a fizgarsa, da fata yake tahowa. Sai da ya jiƙa na riƙa murje shi a hankali, wanda ya ƙi na datse gashin da almakashi. Abin da na fi tsoro tsutsa ne, don da damina ƙuda ba ya jira, idan ya yi ƙwai a irin wannan wuri kwana guda ya isa su ƙyanƙyashe. Alhamdu lillahi babu. Na tsane ta da tsohon zani, na shafa mata basilin. Yarinyar ta tambaye ni ta ina kaza ke fitsari. Na ce mata ƙofa ɗaya ce, kashi da fitsari da ƙwai duk ta nan suke bi, farin nan da ke saman kashin kaza shi ne fitsarinta. Ta yamutsa fuska ta ce ita da ƙwai har abada. Za mu gani ranar da aka soya.

Na lalubi cikinta ko ƙwai ne ya maƙale, ban ji komai ba. Amma jakar abincin nan ta gindin wuya, wadda ya kamata a ce da safe ta sace, cike take, luguf-luguf kamar ruwa a leda, bakinta kuma na tsami irin na kunun da ya kwana.

Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce in fasa mata kafso mai ja da rawaya a ruwa, in ƙara barkono. A unguwar nan kafson shi ne maganin komai, daga jariri har akuya. Na kira malamin dabbobi. Ya tambaya ko akwai jini a kashin, na ce babu. Yaushe rabon su da maganin tsutsar ciki? Na yi shiru. Sai ya ce, "Hajiya, me suke ci?"

Nan kunya ta kama ni. Buhun dusar da ke zaure ya sha danshi tun makon jiya, ƙasansa ya dunƙule ya yi fumfuna. Na gani da idona, amma dusa ta yi tsada, sai nake gauraya ta da mai kyau, in ƙara musu da ragowar tuwon da ya fara tsami. Wake-wake kuwa ita ce sarkin haɗama, ita ke fara isa kasko.

Ya hana ni kafson. Ya ce abincin da ya tsaya ya yi tsami a wuya irin wannan magani na iya ƙara rura shi, ga shi dole a zubar da ƙwan kwanaki. Ya ce in ware ta, ruwa mai tsabta kawai har yamma, kuma kada in kuskura in kifa kanta ƙasa wai ta yi amai, shaƙewa za ta yi. In jakar ba ta sace da safe ba, in kai masa ita.

Na binne rabin buhun a bayan gida, raina na sosuwa. Na wanke kasko da mazubin ruwa, na share akurki na barbaɗa toka.

Bayan magariba ta sha ruwa, ta tsattsagi gero kamar ƙwara goma. Yanzu tana ƙarƙashin kwando a madafi. Na ji Inna na gaya wa ɗanta kada ya yi sammakon fita gobe, kuma ya nemo dutsen wasa wuƙa.