Babura bakwai da hanyar Elmina

Da gyaran babur na fara, a wata rumfa a Nima cikin Accra, shekara goma sha ɗaya ina kwance inji ina ɗaurawa. Harkar haya ta zo ne ba shiri. Wani baƙo ya kawo mashin ɗinsa a canja masa sarƙa, ya tambaye ni ko na san wanda zai raka shi Cape Coast. Na ce ga ni. Yau babura bakwai gare ni da yara biyu, kuma abincinmu yana kan wannan hanya ta yamma da ake kira N1, wadda ta taso daga Aflao a iyakar Togo ta ƙare a Elubo, bakin Kodebuwa.

Duk wanda ya zo, hoto ɗaya ne a kansa: teku a hagu, iska na kaɗa riga, tun daga Accra har Takoradi. Nakan gaya masa gaskiya kafin ya biya. Yawancin titin nan ya ja baya daga gaɓa, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga ruwa ba, sai tireloli da turoturo, wato ƙananan bas-bas na haya, da masu talla. Abin da ake biya na a kai shi ne na san inda ake sauka daga babban titi. A mararrabar Winneba mukan karya hagu mu shiga gari, haka ma a Apam, inda tsohuwar ganuwar Turawan Holan ke kan tudu tana kallon jiragen masunta.

Amma kafin nan akwai Kasoa. Sunan namu ne, kasuwa ce aka lanƙwasa, kuma har gobe halinta na kasuwa ne. Tafiyata ta farko da baƙi mun tashi ƙarfe takwas, muka maƙale a can rana na dukanmu, wani har ya cire hular kwano ya ce shi ya fasa. Tun daga ranar, ana idar da sallar asuba muke tayar da inji. Wanda bai iya sammako ba, ya nemi mota.

Daga Accra zuwa Cape Coast bai wuce kilomita 150 ba, amma mu yini muke yi. Bayan Mankessim da Saltpond hanya takan fara sakin fuska. A Biriwa akwai wata gangara da teku ke buɗe maka gaba ɗaya, shuɗi har iyakar gani, ga kwale-kwale masu fenti da tutoci a jere a kan yashi. Ban taɓa kawo baƙo wurin ya wuce bai taka birki ba. A Yamoransa mukan sayi dokunun Fante, wani irin tuwon masara da ake naɗewa da busasshen ganyen ayaba, mu haɗa da soyayyen kifi da barkono. Sai kuma ɗan tsakanin Cape Coast da Elmina, inda titi ke bin gaɓa sosai, itatuwan kwakwa a layi, ruwa na dukan yashi kusa da kai. Wannan guntun shi ne hoton da suka zo da shi a kai, ga shi kuwa gajere ne.

Ba na sa tafiya ta faɗa ranar Talata in da hali, don masuntan yankin ba sa shiga teku a ranar, bakin ruwa kan yi tsit. A Elmina kuwa ba na gaggauta kowa. Akwai babbar ganuwa a bakin tekun garin, Turawan Fotugal suka gina ta a 1482, daga baya ta zama matattarar bayin da ake lodawa a jirgi. Wanda ya shiga ɗakunan ƙasan nan ya fito, ba na ba shi makulli nan take. Sai ya zauna ya sha ruwan kwakwa, hankalinsa ya dawo.

Babban abokin gabana gishiri ne. Iskar teku tana cin ƙarfe yadda gara ke cin itace: sarƙa, salansa, wayar birki, har kan filogi. Wani saurayi da ya karɓi haya ya taɓa shiga da babur cikin yashin Busua don a ɗauke shi hoto, igiyar ruwa ta taso ta mare shi. Ya dawo yana ce mini, "Maigida, ai ya tashi lafiya." Ya tashi kam. Bayan sati guda sarƙa ta yi ja jawur, wuta ta fara ɗaukewa, kuɗin ajiyar da ya bari ko rabin gyara bai kai ba. Yanzu a rubuce yake a takardar haya: taya ba ta taɓa yashin teku.

Watan Mayu da Yuni ruwa ya fi ƙarfi a gaɓa, sai in rage tafiya in koma gyara. Disamba ce kakarmu, lokacin da 'yan ƙasar waje ke cika Accra. Komai daren da muka dawo, yaran sun sani ba mai tafiya gida sai an wanke kowane babur da ruwan famfo, an tsane shi, an shafa wa sarƙa mai.