Yadda suna ɗaya ya ɓatar da ni a tashar Châtelet–Les Halles

Ana gobe zan bar birnin Faris, da dare Yayana ya zaunar da ni ya zana mini hanya a bayan wata takarda. Ya ce in shiga metiro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na 7, in sauka a Châtelet, in nemi jirgin ƙasa na RER B mai zuwa filin jirgin sama na Charles de Gaulle. "Bi shuɗi kawai, ƙanena. Kome ka gani, shuɗi." Na ce to Yaya, a raina kuwa ina cewa sauya jirgi har wani abu ne da za a yi wa mutum zane?

Ashe wurin gari ne guda a ƙarƙashin ƙasa. Layukan metiro biyar ne ke haɗuwa a can, wato 1, 4, 7, 11 da 14, ga kuma layuka uku na RER, jiragen da ke kwaso ma'aikata daga garuruwan kewayen birnin: A mai ja, B mai shuɗi, D mai kore. An buɗe tashar RER ɗin a watan Disambar 1977, a ramin da aka haƙa inda tsohuwar babbar kasuwar kayan abinci ta Les Halles take kafin a mayar da ita Rungis a 1969. Mutum wajen 750,000 ne ke ratsawa a ranar aiki, kuma da safiyar nan na rantse duk a gabana suka taru.

Layi na 7 yana can gefen kogin Seine, RER kuma yana ƙarƙashin rukunin kantunan Forum des Halles. Tsakaninsu tafiya ce sosai, har da doguwar shimfiɗar nan mai tafiya da kanta. A nan na fara shan harara, don na tsaya da akwatina a tsakiya na tare hanya. Ƙa'idar ita ce mai tsayuwa ya raɓe dama, mai sauri ya wuce ta hagu.

Na iso babban zauren da ake rarrabuwa, na sa tikitina a shinge ya buɗe, na bi shuɗin har ƙasa. Zuwa nan ban yi kuskure ko ɗaya ba. Abin da ban sani ba shi ne dakalin jira ɗaya jirage biyu yake yi wa aiki: gefe guda B mai nufar arewa, ɗaya gefen A mai nufar yamma. Da gangan aka gina shi haka, don mai sauya jirgi ya taka taku kaɗan ya shige ba tare da hawa bene ba. Dabara ce mai kyau ga wanda ya san gari. Ni kuwa ina saukowa na tarar da jirgi tsaye, ƙofa a buɗe, ƙararrawa tana kuka. Na ɗaga kai na hango "Charles de Gaulle" a allo, ban tsaya karanta sauran ba na faɗa ciki da akwati.

Tasha ta farko Auber. Yaya ya ce mini Gare du Nord ce za ta fara zuwa, amma na lallashi kaina cewa wataƙila shi ya manta. Tasha ta biyu sai ga Charles de Gaulle–Étoile. Minti biyar da tashi, wai har mun iso filin jirgi? Na sauka, babu mai akwati sai ni. Na nuna wa wata dattijuwa takardata, na ce "Madam, aeroport?" Ta yi murmushin wadda ta saba ganin irina, ta nuna sama da yatsa ta ce Arc de Triomphe, wato babbar ƙofar tarihin nan da ke dandalin da ke saman tashar. Kama da wane ba wane ba ce. Sunan janar ɗaya ne aka sa wa dandalin da filin jirgin, tsakaninsu kuwa fiye da kilomita 20.

Allah ya taimake ni ban fita daga shinge ba, don a RER sai da tikiti ake fita kamar yadda ake shiga da shi. Na tsallaka ɗaya ɓangaren na koma. Sai dai jirgin dawowa a wani dakalin daban yake sauke mutum, wanda yake haɗe da B mai zuwa kudu. Da na sake yin gaggawa, da sai dai a neme ni a Robinson, ɗaya daga tashoshin ƙarshe na kudu. Na hau sama, na sake sauka, gumi har cikin takalmi.

Wannan karon na ƙyale jirgi guda ya wuce ina tsaye ina karanta allo. Gara da na yi haka, don ko shuɗin ma ba duka ke zuwa filin jirgi ba. Layin yana rabewa biyu bayan Aulnay-sous-Bois, reshe ɗaya ya nufi Mitry-Claye. Kowane jirgi yana da laƙabi mai haruffa huɗu a goshinsa, harafin farko shi ke faɗin inda zai ƙare, kuma na filin jirgi da E yake farawa. Na kuma gane cewa alamomin wurin sunan tashar ƙarshe suke rubutawa. Wanda bai haddace wannan sunan tun daga gida ba, launi kaɗai ba zai fisshe shi ba.

Minti arba'in wannan yawo ya cinye mini. Abin da ya cece ni shi ne Yaya ya matsa sai na fito da awa guda a kan lokacin da na tsara, abin da na yi ta yi masa ƙorafi a kai da asuba. Da muka wuce Gare du Nord waya ta samu sabis, sai ga saƙonsa: "Ka shiga?" Na rubuta masa cewa na shiga lafiya. Maganar Arc de Triomphe kuwa sai bayan wata biyu na gaya masa.